Shekarar Da Muka Noma Dutse

Bana ruwa ya cika da wuri, kuma da kainuwa ya zo. Ranar kasuwar da ta wuce na sauka bakin ruwa a nan Yelwa in tarbi mai kawo mini kifin banda, sai na iske samari sun tuɓe riguna suna janyo ta da ƙugiya suna jibgewa a gaɓa, don jirage su sami wurin tsayawa. Wadda suka fitar tun kwana uku ta fara ruɓewa. Warin ya bugi hancina, irin warin rigar da aka manta a jiƙe cikin kwano. Na sami wani jirgi da aka kife na zauna a kai. Mai kifi yana ta ƙwala mini kira, "Hajiya Hajo! Hajiya Hajo!" ni kuwa ina can gungunmu, shekara talatin da ɗoriya baya, da goyo a bayana da kwando a ka.

Ni ba 'yar gungu ba ce. A wani ƙauye na wajen Shanga aka haife ni, gidan manoman gero, inda in mace ta share tsakar gida sai ta watsa sharar bayan danga ta karkaɗe zaninta, magana ta ƙare. Aure ne ya kai ni tsibiri, wanda a ƙasarmu gungu muke ce masa. Garin ƙarami ne, kana tsaye wuri ɗaya za ka ƙirga gidajensa. Daga gabas akwai fadama, inda ake shinkafa da damina, in ruwa ya janye da rani a dasa albasa. Gidaje suna kan tudu a tsakiya. Bayan gidaje kuma akwai wani falalen dutse mai faɗi, baƙi, ya ɗan karkata zuwa ruwa. A kansa muke shanyar kifi da shinkafa da wanki. Ko ciyawa ɗaya ba ta fitowa a wurin.

Uwar mijina sunanta Kulu, ni dai Inna nake ce mata. Gajeruwa ce, siririya, da hannaye kamar na namiji. Da Gunganci, yaren mutanen gungu, take faɗa da awaki, da Hausa take faɗa da ni. Ranar da na fara girki na tattara shara da hanjin kifi da wata fasasshiyar ƙwarya a tsohon kwano na nufi bakin ruwa. Sai na ji murya a bayana.

"Ke ɗiyar tudu, ina za ki da shi?"

"Shara ta, Inna. Zubarwa za ni yi."

"Miƙo nan."

Ta durƙusa ta zazzage a ƙasa, ta shiga tsinta kamar mai tsintar shinkafa. Hanjin kifi ta sa a kasko, ta ce wannan mai ne. Ƙwaryar ta jujjuya ta, ta ce ɗinki biyu ya ishe ta. Ta zaro wani guntun zare da rabin silifa ta ajiye gefe. Abin da ya rage, toka da ɓawon albasa, bai fi tafi biyu ba.

"Ku can tudu," ta ce, "in abu ya ƙare kuna tahiya kasuwa da ƙahwa. Mu nan ko allura sai ta hau jirgi kahin ta iso. Abin da ya sha wahalar ƙetaro ruwa ba a mai da shi ruwa."

Sannu a hankali na gane yadda gidan yake tafiya. Tsohuwar silifa yanka ta ake yi ƙanana a ɗaure a bakin ragar kamun kifi don kada ta nutse. Hanjin kifi a tafasa shi a kwashe man da ya taso, a zuba a gwangwanin madara da lagwanin tsumma, ga fitila. Ragar da ta tsufa, Inna na zaune tana murza ta a cinya har ta zama igiyar ɗaurin akuya. Buhunan taki a warware su a ɗinke wuri ɗaya, a kafa wa jirgi a kan gora, iska ta tura shi maza su huta da filafili. Abin da ya ƙi zama komai kuwa, sai juji.

Jujin nan shi ne abin kunyata a lokacin. Ya fi namiji tsawo, kuma yana daf da dangarmu. Inna ta ce ita da uwar mijinta suka fara shi tun shekarar da ruwan dam ya ci tsohon gari aka hauro nan. Toka, kashin awaki, ɓuntun shinkafa, ƙayar kifi, tsohuwar jinka, duk can suke zuwa, kuma lokaci-lokaci sai ta hau da fartanya ta juya. Wasu matan suna da nasu 'yan ƙanana, wasu kuwa kogi ne jujinsu. Kulu mai juji ake kiranta a gari. Ranar da ƙannena suka zo ganin ɗaki, hanyar gaba na bi da su don kada su gani.

Shekarar da nake ba da labari ina goyon ɗana na fari, yana wata biyar. Damina ta yi ƙarfi ƙwarai. Farin ruwa, wato cikar kogin da ke zuwa da laka a ƙarshen damina, ya zo kamar kunun kanwa, kowace safiya sai ya ƙara hawa. Maigidana ya kafa kara a bakin fadama don ya ga tafiyarsa, washegari bai ga karan ba. Shinkafa ta riga ta yi ciki, saura kaɗan ta nuna, ruwa ya rufe ta. Maza suka riƙa shiga da jirage suna nutso suna yankowa, sai a murza a tafi a tarar ba komai ciki sai ɗan ruwa fari kamar nono. Muka ce to, Allah ya sa kifi ya rufa asiri.

Sai kainuwa ta zo. Ba irin 'yar ƙaramar nan da muka sani a tafkuna ba. Wannan mai dogon wuya ce, ganyenta na sheƙi, furenta shuɗi-shuɗi. Da farko guntu-guntu take wucewa. Wata safiya na fito da tulu zan ɗebo ruwa, sai na tsaya cak. Babu kogi. Daga ƙafata har inda ido ya ƙare kore ne shar, da furanni a kai, balbelu suna takawa a bisa kamar a makiyaya. Shiru, ba motsin igiyar ruwa, ba ƙarar filafili. Na tsaya da tulu a ƙugu ina kallo, abin ya yi mini kyau har tsoro ya kama ni. Iska ce ta koro ta, ta dunƙule ta tsakaninmu da ƙetare, ta danne ta har ta yi kauri.

Jirgi ba ya ratsa ta, mutum kuma ba ya taka ta. Jirgin inji ɗaya da ke garin ya shiga, ta naɗe masa farfela, da ƙyar aka jawo shi baya. Maza suka ɗauki adduna suka yini suna sarar hanya, kafin la'asar iska ta rufe abin da suka buɗe. Raguna da yawa suka salwanta a ƙarƙashinta. Macizai suka riƙa fitowa daga cikinta suna shiga gidaje. Ruwan sha ma sai an huda ta an ɗebo, ga wari, a tace da ɗankwali a tafasa.

Akwai baƙuwa da abin ya rutsa da ita a gidanmu. Sunanta Ladi, 'yar Kambari ce daga ƙauyukan kan duwatsu, ta girme ni da kusan shekara goma. Ta zo da gyaɗa da dawa ta yi musaya da kifi, da niyyar kwana ɗaya, ta bar 'ya'ya huɗu a gida. Inna ta share mata ɗakin ajiya. Ran Lahadi sai ta zaga bayan rumbu ta yi 'yar waƙarta ta addu'a a hankali, Inna ta tsare hanyar kada kowa ya bi har ta gama.

Tuwon rana aka fara dainawa. Daga nan kunun safe ya tsinke har kana ganin gindin ƙwarya. Inna ta ajiye ƙoƙon awo ta ɗauko ƙarami, ba ta ce wa kowa komai ba. Dusar da aka tanada don awaki muka sake tankaɗe ta. Ƙayar busasshen kifi muka daka ta yi gari muka riƙa kaɗawa a miya, don dai a ji ƙanshi. Gishiri ya ƙare, kanwa ta ƙare. Muka shiga cin bado, inda aka samu a lungun da kainuwa ba ta kai ba. Ga zafin ƙarshen damina mai gumi, ga sauro kamar a kwasa da hannu. Abin da ya fi tayar mini da hankali nonona ne. Yaro ya kama ya ja ya ja, ya saki ya fashe da kuka. Daga baya kukan ma ya koma siriri kamar na ɗan kyanwa. In na shafa maɗigarsa sai in ji ta faɗa.

Bayan kamar sati biyu mai gari, Baba Arzika, ya tara mutane a gindin tsamiyar masallaci bayan sallar la'asar. Mu mata muna can baya. Tsofaffi suka ce ruwa irin wannan ba zai saki fadama ba sai bazara, don haka albasa ma babu ita bana. Aka tsaya a kan cewa duk ranar da hanya ta buɗe, mata da yara su ƙetare wajen dangi a tudu. Kowa ya san ma'anar wannan. Gungun da aka kwashe mata ba ya sake zama gari.

Sai Inna ta yi gyaran murya.

"Mai gari, a ba ni dutse."

"Wane dutse, Kulu?"

"Na shanya."

Wani daga cikin maza ya ce, "Dahwa muna shi za ki yi?" Aka yi dariya, gajeruwa, irin ta masu yunwa.

"Noma shi za ni yi," in ji ta.

Baba Arzika ya daɗe yana kallonta. Tare suka taso tun a tsohon gari. Ya ce, "Dutse ba na kowa ba na. Ɗauki, Allah shi ba da sa'a."

A hanyar gida maigidana ya ce, "Inna, kin sa ana yi muna dariya."

Ta ce, "In sun ƙoshi da ita, ai na taimaka."

Washegari da sassafe ta ba ni kwando, ta ba Ladi kwando, ta ɗauki fartanya ta sari gindin jujin. Saman duk tarkacen da na sani ne. Amma da ta yi zurfin kamu ɗaya sai wani abu ya zubo a kan ƙafafunta, baƙi ƙirin, lallausa kamar garin da aka tankaɗe. Na durƙusa na ɗiba. Da ɗumi. Ba wari ko kaɗan, ƙanshin ƙasar ruwan farko yake yi, ga tana jajaye masu ƙiba suna motsi a ciki. Ni 'yar manoma ce, a gona na taso, amma ban taɓa riƙe ƙasa irin wannan ba. Na tsaya ina juya ta a tafina ina neman ƙayar kifi da ɓuntun da na san an zuba, babu su. Shekaru sun cinye su sun bar wannan.

"Kallo za ki yi ko ɗauka?" in ji Inna.

Muka fara jido. Inna ta zuba kwandon farko a kan dutse ta baza. Ladi ta sauke nata ba ta zuba ba.

"Inna, haka ba shi zama. Ruwa ɗaya za ya wanke shi. Mu can gida sai mun jera duwatsu a gicciye, ƙasa ta samu abin jingina."

"Damina ta ƙare," Inna ta ce. "Ba mu da lokacin gini."

Ladi ba ta yi musu ba. Ta ja gefe ta fara jera nata, mu muka ci gaba da zubawa. Kwana uku muna wannan aiki. A rana ta huɗu da azahar hadari ya haɗo daga gabas, ruwan bankwana, mai iska. Muna tsaye a ƙofar ɗaki muna kallon baƙin ruwa na gangarowa daga kan dutse yana shiga kogi. Da aka ɗauke, wajen da ni da Inna muka zuba ya koma dutse fes. Na Ladi, mai faɗin tabarma ɗaya, yana nan zaune a bayan jerin duwatsunsa.

Na zauna a kan dutsen na yi kuka. Allah kaɗai ya san kwando nawa na ɗauka da yunwa a ciki da yaro a baya. Inna kuwa ta tsaya ta daɗe tana kallon inda ƙasar ta bi, ita da ta shekara ashirin da wani abu tana tara ta. Sannan ta juya wajen Ladi.

"Ɗiyar dutse ta hi ni sanin dutse. Daga yau gini naki na, ƙasa tawa ta."

Duwatsun tsinta ba su da yawa a gungun, suka ƙare da wuri. Sai aka koma ga tarkacen Inna. Allunan wani jirgi da ya mutu tun kafin a kawo ni, tsohon turmi da ya tsage biyu, tsingaron tukwane, duk Ladi ta jera su ta tokare. Daga ciki ta shimfiɗa tsohuwar raga da yagaggun buhuna don kada ƙasa ta zurare ta kafofi. Don abin da ya rage a juji ya isa, Inna ta ce a yi masa shimfiɗa. Muka riƙa janyo kainuwa daga bakin ruwa muna sassara ta, mu bar ta ta yi laushi a rana, mu jera a ƙasa. A bisanta ɓuntu, a bisan ɓuntu laka daga gaɓa, sannan baƙar ƙasa taƙi ɗaya, a barbaɗa toka. Ladi ta ce tuwo da miya muke zuba wa dutse. Rana na dukan dutse, dutse na dukanmu. Muka riƙa naɗe ƙafafu da tsumma, ni ina sanye da silifa biyu duk na ƙafar hagu.

Iri kuwa, ashe yana nan. Inna ta shiga ɗaki ta fito da wata tukunya cike da kwalaben magani da ƙulle-ƙullen tsumma, kowanne da toka a ciki saboda ƙwari. Alayyafo, rama, yakuwa, kuɓewa, wake, kabewa, da irin albasa a cikin kwalbar turare. Ta huhhuda gwangwanaye da ƙusa muka riƙa ban ruwa da su safe da yamma, don kada ruwa ya tono irin. Tukwanen da suka tsage ta binne su har wuya a tsakiyar kowane fangali, a cika su da ruwa su riƙa tsatsa a hankali. Ruwan wankin hatsi da na kwanuka ba a zubarwa, in dai ba sabulu a ciki.

A rana ta biyar da shuka Ladi ce ta fara gani. Ta rangaɗa guɗa tun daga kan dutse. Na zo da gudu, yaro na jijjiga a bayana. Layi-layi ne na kore, sirara kamar zare, a kan baƙar ƙasa, a wurin da tun da aka san garin ba abin da ya taɓa tsirowa. Kafin hantsi rabin gari na wurin, ba mai dariya. Baba Arzika ya zo da sandarsa ya tsuguna ya daɗe, yana ta faɗin "Ikon Allah, ikon Allah."

Da yammar ranar mata suka fara fasa nasu jujin. Waɗanda kogi ne jujinsu suka zo suka tsaya a ƙofarmu suna jin nauyin magana. Inna ta ce, "Ku ɗiba. Amma kowace ta riƙa kawo tokarta da kashin awakinta, juji ba shi son a bar shi da yunwa." Maza da suka gaji da zama suka karɓi aikin janyo kainuwa. Suka ɗaure ƙugiyoyi a igiyar tsohuwar raga, su jefa su ja su goma-goma suna waƙa. Sai ga abin da ba wanda ya yi tsammani. Inda suka share a bakin gaɓa iska ta samu shiga ruwa, kifi ya riƙa taruwa a wurin. Suka kafa gura, irin tarkon nan na sanduna da raga, aka fara samun ƙurungu da tarwaɗa. Ba da yawa ba, amma miya ta dawo miya. Kainuwar da ta bushe muka ƙone, aka tace tokar a tsohon kwando, ruwanta ya tsaya mana a madadin kanwa.

Sati uku da shuka muka fara tsinkar alayyafo da rama da ganyen wake. Ladi ta fito da 'yar gyaɗar da ta rage mata ta soya ta daka, aka yi kwaɗo. Inna ta cika akushi ta ajiye a gabana kafin ta ba kowa, har ɗanta.

"Ci. Ba don ke ba, don na bayanki."

Ba gishiri a ciki, sai tsamin rama da gardin gyaɗa. Na suɗe akushin da yatsa. Daga ranar kullum sai ta sa an dafa mini ganye da kan tarwaɗa. Ban ƙirga kwanakin ba, amma wata safiya ina ban ruwa na ji gaban rigata ya jiƙe. Na ajiye gwangwanin na kwance goyo a nan kan allon jirgi na ba shi. Ya ja har ya ƙware, ya yi tari, ya sake kamawa. Ladi tana kallonmu sai ta juya baya tana share ido da bakin zani. Ƙaramin ɗanta bai daɗe da yaye ba.

Hanya ta buɗe bayan kamar sati bakwai, da iska ta juya ta fara busowa daga arewa. Muna kallo kainuwa ta tsage a tsakiya, ta fara tafiya kudu gari guda, a hankali, da balbelunta a kai. Kafin azahar jirage suka fara isowa daga ƙetare. A na farko akwai mijin Ladi, wanda ashe kullum sai ya zo bakin ruwa ya tsaya ya koma. A na biyu akwai mahaifina, ya zo da buhun gero da niyyar ya tafi da ni.

Na kai shi kan dutse. Lokacin fangaloli sun rufe fiye da rabinsa, kuɓewa ta fara fure, kabewa ta yaɗu ta lulluɓe allunan jirgi har ba ka ganinsu. Babana manomi ne da ba ya yabon gonar wani. Ya zaga wurin sau biyu. Ya ɗebi ƙasar ya shinshina.

"Daga ina kunka ɗebo ta?"

"Shara ta, Baba. Sharar gida."

Ya dubi Inna, wadda ke can tana cirar ciyawa. Ya je ya durƙusa ya gaishe ta, gaisuwa mai tsawo. Bai ta da maganar tafiyata ba. Da zai koma sai ya roƙi a ƙulle masa ƙasar kaɗan a tsumma, ya kai wa mahaifiyata ta gani.

Ladi ta tafi da kifinta da ƙulle-ƙullen iri. Gidaje biyu ne kawai suka ƙetare tudu, sauranmu muka zauna. Da sanyi ya shigo muka dasa albasa a kan dutse. Fadama ba ta fito ba sai bazara, kamar yadda tsofaffi suka faɗa, amma mu mun riga mun haƙe tamu. Ƙanana ne, ga yaji, in ka yanka ɗaya sai ɗaki duka ya yi hawaye. Ita aka kai Yelwa aka sauyo hatsin da ya kai mu sabuwar damina.

Inna ta rayu shekara tara bayan haka. Mu kuma karatun yara ya dawo da mu Yelwa. Sharar yanzu ba irin ta da ba ce, leda ce da robar ruwa, waɗanda shekaru ba sa iya ci. Matan gungu suna yanka robobin su reni irin tumatir a ciki, ledar kuma sai an tsince ta ɗaya bayan ɗaya kafin a kai sauran juji. Aikin ya ƙaru, amma ba su daina ba.

Bazarar da ta wuce na je suna a gungu. Da aka watse na zaga bayan gari. Akwai mangwaro biyu a wurin yanzu, da gwaiba, da lemun tsami, da fangalolin albasa har bakin ruwa. Na iske Nana, 'yar ƙanen maigidana, tana cira. Bayan tasowarmu aka haife ta, yanzu har ta yi aure. Na ce mata, nan da kike tsaye dutse ne. Ta yi murmushi irin na ladabi.

"Kai, Hajiya. Wagga ai gonar gadonmu ta."

Na ce ta ba ni fartanyarta. Na zaɓi gefen fangali na fara tono. A zuciyata taƙi biyu ne, iyakar abin da muka bari. Na wuce taƙi biyu, baƙar ƙasa ce. Na wuce kamu, numfashina ya ƙare. Nana ta karɓa ta ci gaba tana dariya, ta faɗaɗa ramin ta shiga, har ya wuce mata gwiwa. Ni ma na fara shakkar kaina, ko wurin na ɓata. Sai fartanya ta ce ƙwal.

Ta daina dariya. Ta sunkuya ta share da hannu, baƙin dutse ya bayyana, sumul. Ta daɗe tana shafa shi. Ta ɗago ta dubi mangwaron, ta sake duban ramin.

"Hajiya, duk wagga da kai anka ɗauko ta?"

"Da kai, kwando-kwando. Mu mun aza taƙi biyu. Saura aikin uwayenki na."

Ta fito daga ramin. Da hannu ta mayar da ƙasar, tafi bayan tafi, har wadda ta maƙale a bakin fartanya sai da ta kankare ta da yatsa ta zuba a ciki.